Kwatar Standing Liberty

Kwatar Standing Liberty kwandala ce ta azurfa da gwamnatin Amurka ta buga daga shekarar 1916 zuwa 1930. Darajarta santi 25 ce, wato kashi ɗaya cikin huɗu na dala, shi ya sa ake ce mata kwata. Sunanta ya samo asali ne daga hoton da ke fuskarta: mace a tsaye, wadda Amurkawa ke kira Liberty, alamar 'yanci, tana riƙe da garkuwa a hannun hagu da reshen zaitun a hannun dama. Wanda ya tsara ta shi ne gwanin sassaƙa Hermon Atkins MacNeil (1866–1947).

Masu tara tsofaffin kuɗi suna sanya ta cikin mafi kyawun sulallan da Amurka ta taɓa bugawa. Sai dai wannan kyawun shi ne ya zame mata matsala. An tsara ta kamar aikin sassaƙa na ado, da tudu da kwari da ƙananan layuka, alhali kuwa kuɗi ne da zai riƙa yawo daga hannu zuwa hannu. Injin bugawa bai cika fitar da zanen gaba ɗaya ba, abin da ya fitar kuma hannun jama'a ya suɗe shi cikin 'yan shekaru. Kusan duk abin da masu tarawa ke nema a jikinta a yau, da abin da ke sa wata ta ninka wata tsada, daga wannan raunin ya taso.

Awo da ƙarfe

Nauyin kwatar giram 6.25 ne, faɗinta milimita 24.3, gefenta kuma yana da tsaga-tsaga. Kashi 90 cikin ɗari na ƙarfen azurfa ce, kashi 10 jan ƙarfe, domin azurfa zalla tana da taushi. Ke nan a kowace sabuwar kwata akwai azurfa giram 5.625. An buga ta a gidajen buga kuɗi uku: Filadelfiya, Denver da San Faransisko. Na Denver suna ɗauke da ƙaramin harafin D, na San Faransisko harafin S, a hagun shekara. Na Filadelfiya ba su da harafi. Akwai kuma wani ƙaramin M a daman shekara, wanda sababbin shiga kan ɗauka alamar gidan bugawa ce, amma harafin farko ne na sunan MacNeil.

Kalmar dala kuwa, wadda Bahaushe ya daɗe da sani (a Nijar har yau dala ɗaya tana nufin sefa biyar), tushenta ɗaya da taler, sunan wata babbar kwandalar azurfa da aka fara bugawa a ƙarni na 16 a garin Joachimsthal na ƙasar Bohemiya.

Yadda aka yi ta samu

Tun daga 1892 kwatar Amurka tana ɗauke da zanen Charles E. Barber, babban mai sassaƙa hatimi na ma'aikatar buga kuɗi. Kai ɗaya ne ya sa wa kwandalar santi 10, da kwata, da rabin dala. Barber ma'aikaci ne da ya san inji: zanensa shimfiɗaɗɗe ne, yana fita da bugu ɗaya, yana kuma jure yawo. Amma masu fasaha da dama sun riƙa kushe shi cewa ba shi da rai. Shugaba Theodore Roosevelt na cikin waɗanda suka raina kamannin kuɗin ƙasar, shi ne ma ya jawo Augustus Saint-Gaudens ya sake fasalin sulallan zinariya da suka fito a 1907. Daga nan aka shiga al'adar ɗauko masu sassaƙa daga wajen ma'aikatar.

Wata doka ta 1890 ta ba da damar a sauya zanen kwandala ba tare da komawa Majalisar Dokoki ba, matuƙar zanen ya kai shekara 25. Daraktan ma'aikatar, Robert W. Woolley, ya fahimci dokar a matsayin wajibi ne a sauya, alhali izini kawai ta bayar. A kan wannan fahimta aka gayyaci masu sassaƙa uku: Adolph Weinman, Albin Polasek da MacNeil. Weinman ya samu santi 10 da rabin dala, MacNeil ya samu kwata, Polasek ya tashi hannu rabbana.

MacNeil ɗan jihar Massachusetts ne, ya yi karatun sassaƙa a Paris da Roma, ya kuma yi suna wajen sassaƙa mutum-mutumin 'yan asalin Amurka. Daga baya shi ne ya yi sassaƙar da ke saman fuskar gabas ta ginin Kotun Ƙolin Amurka a Washington. Mutum ne da ya saba da dutse da tagulla masu girma, ba da ɗan ƙarfen da bai kai faɗin yatsu biyu ba, kuma ana ganin haka a aikin.

Zanen

A fuskar kwatar, Liberty tana fitowa ne ta wata ƙofa da ke tsakiyar gajeriyar katanga, ƙafa ɗaya ta sauko kan dakali. Ta juya kanta zuwa daman mai kallo. Masu sharhi da yawa suna fassara wannan da cewa gabas take kallo, wajen Turai, inda Yaƙin Duniya na Ɗaya ke ci tun 1914. Garkuwar ma wannan ɓangaren ta fuskanta, kuma ana ganin ana yaye mayafin da ya rufe ta. A ɗaya hannun ga reshen zaitun, alamar sulhu. Saƙon a fili yake ga Ba'amurken 1916: ƙasar tana son zaman lafiya, amma ta fara shirin kare kanta. A lokacin Amurka ba ta shiga yaƙin ba tukuna.

A jikin katangar akwai taurari 13, adadin jihohin da suka kafa ƙasar, da taken da ke nufin "ga Allah muka dogara". An rubuta shi IN GOD WE TRVST, da V a gurbin U. Ba kuskure ba ne. Rubutun Latin na zamanin Rumawa ba shi da harafin U daban, V ne ke ɗaukar sautukan biyu, kuma masu sassaƙa na farkon ƙarni na 20 suna son kwaikwayon wannan salo a jikin gine-gine da sulalla. Haka aka yi wa taken Latin da ke baya, E PLVRIBVS VNVM, wanda ke nufin ɗaya da ya samu daga masu yawa. Shekarar bugawa tana ƙasa, a kan dakalin da ke ƙarƙashin ƙafar Liberty.

A baya akwai mikiya tana tsakiyar tashi, fukafukai a buɗe, babu kibiya ko garkuwa a tare da ita kamar yadda aka saba gani a tsofaffin sulallan ƙasar. Wannan ɓangaren ya fi fuskar sauƙi, kuma ana iya cewa ya fi ta nasara, domin ko kwatar ta suɗe sosai mikiyar tana nan da kamanninta.

An daɗe ana cewa wata 'yar wasa mai suna Doris Doscher ce ta tsaya wa MacNeil ya sassaƙa Liberty. A 1972 sai wani labari ya fito cewa Irene MacDowell ce, wata 'yar wasan dandamali. Har yau ana ambaton sunayen biyu.

Sauyin 1917

A cikin 1916 MacNeil ya yi ta gyara zanensa. Har ya kai ga wani fasali mai dabbobin teku biyu da ake kira dolfin a ƙasan katangar, masu wakiltar tekun Atlantika da na Fasifik. Amma ma'aikatar ba ta yi amfani da shi ba. Woolley ya ajiye aiki a tsakiyar shekarar, ma'aikatan hatimi kuma suka yi nasu gyare-gyaren domin inji ya iya bugawa, ba tare da sun sanar da mai zanen ba. A ƙarshen Disamba 1916 aka buga guda 52,000 kacal a Filadelfiya, aka sake su cikin jama'a a Janairu 1917 tare da na sabuwar shekara.

Da MacNeil ya ga abin da aka buga, bai ji daɗi ba, musamman yadda aka sauko da mikiyar ƙasa har ta yi kamar za ta sauka. Ya kai ƙorafi, aka kuma amince ya gyara. Tunda zanen ya riga ya fita, sai da Majalisar Dokoki ta yi doka a watan Yuli 1917 kafin a taɓa shi. Dalilin da aka gabatar wa majalisar shi ne sulallan ba sa jeruwa daidai idan an ɗora su kan juna, abin da ke damun ma'aikatan banki.

Daga nan masu tarawa suka raba kwatar gida biyu. A nau'i na farko, wato na 1916 da farkon 1917, ƙirjin Liberty na dama a buɗe yake, irin na mutum-mutumin Girkawa, taurarin baya kuma bakwai ne a hagu, shida a dama. A nau'i na biyu an sa mata sulke ya rufe ƙirjin, an ɗaga mikiyar sama, an sa taurari uku a ƙarƙashinta da biyar-biyar a gefe.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne wai jama'a ne suka yi ca a kan tsiraicin, gwamnati ta ji kunya ta rufe. Labari ne mai daɗin faɗa, amma masu binciken da suka bi wasiƙun ma'aikatar da jaridun lokacin ba su tarar da wata gagarumar hayaniya ba, kuma sulken daga hannun MacNeil kansa ya fito. Ya kamata a tuna cewa Amurka ta shiga yaƙin a ranar 6 ga Afrilu 1917, tsakanin fitowar nau'i na farko da na biyu. Macen da ke yaye mayafin garkuwa a 1916, ba abin mamaki ba ne a gan ta cikin sulke a 1917.

Shekarar da ke ɓacewa

Babban aibin kwatar bai bayyana ba sai da ta yi 'yan shekaru tana yawo. Dakalin da aka rubuta shekara a kansa yana cikin wurare mafi tudu a fuskar, kuma babu wani baki da ya kare shi. Duk lokacin da kwatar ta gogi wata a aljihu ko a akwatin ɗan kasuwa, lambobin ne ke fara ci. Ba a daɗe ba aka fara ganin kwatoci masu sauran kyau amma babu shekara ko kaɗan. Kwandalar santi 5 mai hoton ɓauna, wadda ta fito a 1913, ita ma ta sha irin wannan matsala.

A 1925 ma'aikatar ta rarake dakalin, ta nutsar da lambobin ciki. Gyaran ya yi aiki. Shi ya sa kwatocin 1925 zuwa 1930 suke da sauƙin samu da shekararsu a fili, na 1916 zuwa 1924 kuwa da yawansu sun zama marasa shekara. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, tara sulalla bisa shekara da harafin gidan bugawa bai zama ruwan dare a Amurka ba sai a shekarun 1930, lokacin da aka fara sayar da allunan kwali masu ramuka, kowane rami da shekararsa. Kafin yara da manya su fara duba canjinsu don cike ramukan, na farkon sun riga sun yi shekara goma sha suna gogewa. Saboda haka adadin da aka buga ba ya nuna adadin da ya rage. Shekarar da aka buga miliyoyi tana iya yin wuyar samu idan ta faɗo kafin 1925.

Tarawa

Cikakken jeri ya ƙunshi kwata 37, idan an lissafa kowace shekara da kowane gidan bugawa da nau'o'in 1917 guda biyu. Babu ta 1922, domin a lokacin tattalin arziki ya ja baya bayan yaƙi, ma'aikatar kuma ta duƙufa wajen buga dalar azurfa. Jerin gajere ne idan aka kwatanta da na Barber, amma kammala shi yana da wuya saboda 'yan guda kaɗan.

Ta 1916 ce uwa uba. Ko ta suɗe, matuƙar an tabbatar ita ce, kuɗinta dubban daloli ne. Ƙwararru suna iya gane ta ko babu shekara, ta hanyar ƙananan bambance-bambance a gashin Liberty da lanƙwasar rigarta kusa da ƙafa, waɗanda aka sauya a 1917. Wanda yake son nau'i na farko don kyawunsa kawai ba ya bukatar ta: an buga fiye da miliyan 12 na wannan nau'in a 1917, kuma galibinsu sun fita tsaf fiye da duk waɗanda suka biyo baya. Sauran masu wuya su ne ta 1921, wadda aka buga guda 1,916,000, da ta San Faransisko ta 1923, guda 1,360,000, da ta San Faransisko ta 1927, guda 396,000.

Akwai ta 38 da mutane da yawa ke ƙarawa, wadda kuskure ne ya haife ta. Ana yin hatimin bugawa ne ta hanyar danna masa uwar hatimi fiye da sau ɗaya, ana gasa shi a tsakani don ya yi taushi. A ƙarshen 1917 ana haɗa hatiman shekaru biyu a lokaci guda, sai wani hatimi ya sha dannar farko da uwar 1917, ta biyu da uwar 1918. Aka aika shi San Faransisko aka yi aiki da shi. A kwatocin da ya buga ana ganin 7 a ƙarƙashin 8. Ba a lura da su ba sai a shekarun 1930, lokacin da yawancinsu sun riga sun sha yawo, don haka samun wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba abu ne mai matuƙar wuya.

Ana auna lafiyar kwandala da ma'aunin da ya tashi daga 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya ƙirƙiro a 1949. Daga 60 zuwa sama ana nufin wadda ba ta yi yawo ba. A wannan kwatar, wuraren da ake fara dubawa su ne gwiwar Liberty ta dama, da tsakiyar garkuwa, da ƙirjin mikiya, domin nan ne gogewa ke fara nunawa.

Amma akwai wani ma'auni na biyu da ya keɓanta da ita, wanda ake kira cikakken kai. Kan Liberty yana can sama dab da baki, inda ƙarfe ba ya cika kwarara ya cike ramin hatimi a bugu ɗaya. Saboda haka kwatoci da yawa sun bar gidan bugawa da kai a shafe, kamar an danna shi da babban yatsa, tun kafin kowa ya taɓa su. A nau'i na biyu, kafin a ce kai ya cika, sai an ga ganyaye uku da ke gashin a rarrabe, da layin gashin da ya bi goshi har ƙasa, da ramin kunne. Kwata biyu masu shekara ɗaya da maki ɗaya suna iya bambanta a farashi ninki da yawa saboda wannan ɗan wurin da bai fi ƙwayar gero biyu ba. Ta Denver ta 1926 misali ce mai kyau: samunta sabuwa fil ba wuya, samunta da cikakken kai kuwa sai an sha nema. Haka na Denver da San Faransisko na 1919, da na San Faransisko na 1920, 1926 da 1927.

Wasu masana suna ganin an cika ba wa kan muhimmanci. Ana samun kwata mai cikakken kai amma ƙusoshin da suka kewaye garkuwar sun shafe, ko lambobin shekara sun fita rabi-rabi. Wannan suka tana da tushe. Mai son zanen don kansa gara ya dubi fuskar gaba ɗaya, kai da garkuwa da sulke da gashin mikiya, maimakon ya biya kuɗi mai yawa don haruffa biyu da aka rubuta a jikin marufi.

Jabu, wanki da adanawa

Inda farashi ya yi tsalle saboda lamba ɗaya ko harafi ɗaya, nan 'yan damfara ke taruwa. An sha kama kwatar 1917 da aka sassaƙe 7 ɗinta ta koma 6, da ta Filadelfiya ta 1923 ko 1927 da aka manna mata S. Akwai kuma jabun da aka ƙera gaba ɗaya, waɗanda sau da yawa sikeli mai auna giram yake tona musu asiri. Shi ya sa masu sayen shekaru masu tsada suka fi yarda da waɗanda kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC suka duba suka rufe cikin roba mai tauri. An kafa kamfanonin biyu a 1986 da 1987.

Ɓarnar da ta fi yawa ba ta 'yan damfara ba ce, ta masu kyakkyawar niyya ce. Azurfa tana yin duhu idan ta daɗe a iska, sai mai ita ya ɗauko man goge ƙarfe ko toka ko buroshi don ta yi haske. Sabuwar kwandala tana da wani sheƙi da ke fitowa daga siraran layukan da ƙarfe ya bari lokacin da ya kwarara a ƙarƙashin hatimi. Gogewa tana kankare su, kuma ba sa dawowa. Kwatar da aka wanke tana ƙyalli, amma ƙyallin cokali ne, kuma dillali yana ganewa da kallo ɗaya ya rage mata kuɗi. Duhun da shekaru suka kawo ba aibi ba ne a wurin masu tarawa, wani lokaci ma yana ƙara mata daraja idan launin ya yi kyau. Ana riƙe ta ne ta gefe, ba a ɗora yatsa a fuskarta, ana kuma guje wa ajiye ta a leda mai taushi ta PVC, domin tana fitar da wani kore mai danƙo da ke cin ƙarfe.

Wanda ba shi da kuɗi da yawa yana iya farawa da na 1925 zuwa 1930 da suka yi yawo, waɗanda farashin galibinsu bai yi nisa da kuɗin azurfar da ke cikinsu ba. Wasu kuma ba sa bin shekaru sam, sai su nemi guda ɗaya mai kyau daga kowane fasali: ta Barber, nau'i na farko, nau'i na biyu mai shekara a tudu, mai shekara a rami, da ta Washington. Idan aka jera waɗannan biyar, ana ganin yadda ma'aikatar ta tashi daga zanen ma'aikaci zuwa na mai fasaha, sannan ta koma ga wanda inji ya fi so.

Ƙarshenta

An buga ta ƙarshe a 1930. A 1931 ba a buga kwata ko ɗaya ba, saboda karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta rage bukatar sababbin sulalla. A wannan shekarar Majalisar Dokoki ta amince a sa hoton George Washington a kwata don cikarsa shekara 200 da haihuwa a 1932. Sai da aka yi doka, domin zanen MacNeil bai kai shekara 25 ba. Zanen John Flanagan ne ya maye gurbinsa.

Kwatocin MacNeil sun ci gaba da yawo har shekarun 1960, yawancinsu a suɗe. Dokar 1965 ta cire azurfa daga kwata, aka koma jan ƙarfe da nikel, nan da nan jama'a suka ɓoye masu azurfar suka riƙa kashe sababbin. Lokacin da farashin azurfa ya kusa dala 50 kowace oza a Janairu 1980, an narkar da tsofaffin sulalla masu ɗimbin yawa, kuma marasa shekara suna cikin waɗanda ba a yi wa kallo na biyu ba. Har yanzu ana sayar da irinsu a buhu bisa nauyin azurfa.

A 2016, don cikar zanen shekara ɗari, ma'aikatar buga kuɗi ta Amurka ta sake fitar da shi a zinariya zalla mai nauyin rubu'in oza, daga gidan bugawa na West Point, da harafin W. Nau'i na farko aka zaɓa, wanda babu sulke.